Abin da Ba Shi da Ɗinki

Ranar Talata, bayan la'asar, a shiyar Madunka,
Malam Habila ya zo da littafi naɗe a zanen matarsa.
Ya ce, "Maidamma, yi masa riga. Gara ta fara shi daga baya."
Na buɗe. Boko ne, ƙanana kamar ƙwan kiyashi.
Ban iya karanta shi ba, amma na san ciwon takarda:
gadon baya ya karye, zare ya ruɓe,
shafuka suna girgiɗi kamar haƙoran tsoho.

Na ce, "Mi ke ciki?"
Ya ce, "Wani malamin ikkilisiya ne na can farko,
tun ba a san za a ja ganuwa bisa wannan tudu ba.
Ya zauna yana gardama da kansa a kan rai, ko yana mutuwa."
Na ce, "Wannan ai ko yaro ya san amsa."
Ya ce, "Shi ma ya sani. So yake ya ga ko hankali
zai isa da ƙafa inda imani ya isa bisa doki."

Kwana tara yana zuwa.
Ina fefe fata, yana juya mini zancen da Hausa.
"Mutuwa, in ji shi, warwara ce.
Abin da aka harhaɗa shi ake rabawa:
jiki ƙashi ne da jijiya da jini, kowa zai koma gidansu.
Rai kuwa ba shi da hannun riga, ba shi da wuya,
ba a yanka rabinsa a ba maƙwabci.
Abin da ba shi da ɗinki, ta ina za a farke shi?"

Na ajiye basilla.
Shekara arba'in ina wannan zama,
gafaka, kube, takalmi, linzami,
duk wanda ya dawo mini da ciwo, a bakin ɗinki ya fara.
Mutumin nan, na ce a raina, ya taɓa zama kusa da baduku.

Fatar jar akuya na zaɓa masa, ta kasuwar Acida.
Ta sha bagaruwa, ta sha karan dafi,
za ta daɗe fiye da ni da shi.
Na faɗa masa haka ina dariya.
Bai yi dariya ba. Wata bakwai ke nan da binne Rifkatu.

Ya ce, "Hujjar ta yi, ban ga inda ta yoyo ba.
Amma in raina guda ne, ba ɗinki,
ta ina rashi ya shiga ya yage ni biyu?"
Ladan ya kira magariba kafin in sami abin faɗa.
Na tafi masallaci, ya tsare mini rumfa
yana korar ƙuda daga kaskon ƙaro.

A shafukan ƙarshe gara ta gama aikinta,
ta bar hanyoyi kamar gulbin Rima da rani.
"Nan ne ya rufe hujjarsa," in ji Habila.
Na ce in liƙa farar takarda?
Ya daɗe yana leƙen tabarmata ta cikin hujin.
Ya ce, "Bar shi. Sauran ba a nan za a karanta ba."

Na ɗinke. Na karɓi kuɗin fata, na ƙi na aiki.
Ya mayar da shi cikin zanen, ya ninke bakin sau biyu
yadda mai zanen take yi.

Daren nan na kwanta a tsakar gida saboda zafi.
Yatsuna, da ke gano ɗinki ko a cikin duhu,
suka bi ƙirjina suna lalube.
Na sami haƙarƙari, na sami tabon kaciɓis da wuƙa tun ina yaro.
Wanda ke laluben, shi ne ban sami bakinsa ba
har zakaran gidan Sahabi ya yi cara.